Hutun amarci a Zanzibar: Abin da ango da amarya za su shirya kafin su hau jirgi

 

A wannan mako na ɗauko saƙon wani matashi da ya rubuto daga Agege a Legas. Ya ce an sa ranar aurensa, saura wata huɗu, kuma ya daɗe yana tara kuɗi domin ya kai amaryarsa wani tsibiri su yi mako guda daga shi sai ita, irin wuraren nan da yake gani a waya masu farin yashi da itatuwan kwakwa. Bai faɗa mata ba, so yake ya yi mata ba-zata: a ɗaura aure ranar Asabar, ranar Litinin su tashi. Tambayarsa ita ce wane tsibiri ya dace, kuma me zai tanada.

Malam ango, Allah Ya sanya alheri, Ya sa a yi da mu. Niyyarka mai kyau ce, domin namijin da ya yi tunanin hutun matarsa tun kafin ta shigo gidansa ya fara da ƙafar dama. Amma abu biyu zan roƙe ka ka cire daga shirin nan: ba-zatar, da kuma tafiyar ranar Litinin. Idan ka bar su, ina jin tsoron kuɗinka ya tafi a banza, ko kuma ku ƙare hutun a gadon asibitin ƙasar da ba ku san kowa ba.

Me ya sa ba za a yi ba-zata ba

Tafiya ƙasar waje da mace tana buƙatar abubuwan da ba za ka iya yi a bayan idonta ba. Tana da fasfo? In tana da shi, saura wata nawa ya ƙare? Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai kai wata shida kafin ƙarewarsa ba. Sunan da za ka sa a tikiti kuma dole ya zama daidai da wanda ke cikin fasfonta, harafi da harafi.

Sai allurar rigakafin cutar shawara. Najeriya na cikin ƙasashen da ake samun wannan cuta, don haka ƙasashe da dama, har da Tanzaniya, suna neman katin shaidar rigakafin daga duk wanda ya taso daga nan. Ana samun katin a ofishin Port Health, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Abin lura a nan shi ne, ba a so a yi wa mai juna biyu wannan allura sai da larura mai ƙarfi, kuma likitoci kan so mace ta jira kamar wata guda bayan allurar kafin ta ɗauki ciki. Ka ga ke nan lokacin yin ta shi ne yanzu, tun tana gidan iyayenta. Kada kuma wani ya ruɗe ku da katin bogi da ake sayarwa ba tare da allura ba. Wanda ya saye shi, kansa ya cuta.

Akwai kuma lissafin da ita kaɗai ta san shi, wato kwanakin al'adarta. Wasu amare kan sayi ƙwayoyin jinkirta al'ada a kemis bisa shawarar ƙawaye. Wannan magani ba kowace mace ya dace da ita ba, musamman mai tarihin daskarewar jini a jijiya ko ciwon hanta. In da buƙata, ta ga likita. Mafi sauƙi dai shi ne ku zauna tare ku zaɓi ranar tafiya da ta dace da ita.

Me ya sa ba ranar Litinin ba

Duk wanda ya ga bikinmu ya san halin da amarya ke fita daga cikinsa. Makonni ana gyaran jiki, ga kamu, ga walima, ga dina, ga kai amarya da kukan rabuwa da gida, ga buɗar kai. Barci ba ya isarta, abinci ma tsakura take yi. Shi ma angon ya sha zirga-zirga da karɓar baƙi. A ɗauki mutum biyu a wannan hali a sa su a jirgi, daga Legas zuwa Addis Ababa sama da awa biyar, a zauna jiran wani jirgin, sannan a sake tashi, ai gajiya aka ɗora a kan gajiya. Jikin da ya gaji shi ne mura da zazzaɓi da ciwon ciki suka fi saurin kamawa.

Ku bar mako biyu zuwa wata guda a tsakani. Amarya ta saba da ɗakinta, a gama gaishe-gaishen dangi, a yi ban gajiya. Hakan zai kuma kare ka daga ƙorafin iyaye cewa ka ɗauke musu 'ya ba su ko ga zamanta ba.

Ga masu karatu da ke da wata matar a gida kuma, a tuna shari'a ta riga ta yanka wa amarya kwanakinta: bakwai ga budurwa, uku ga bazawara. Abin da ya wuce haka ya shiga rabon kwana, sai da fahimtar uwargida da kuma adalci. Kada hutun mako guda ya kunna wutar da za a shekara ana kashewa.

Wane tsibiri?

Tsibiran da ake zuwa irin wannan hutu suna da yawa, amma zan tsaya a kan Zanzibar, domin tana cikin Afirka, kuma Bahaushe ba zai ji shi baƙo sosai a can ba. Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya a Tekun Indiya, manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ce mafi yawan baƙi ke nufi. A 1964 ta haɗe da Tanganyika aka samar da Tanzaniya, amma har yau tana da shugabanta da majalisarta. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne. Za ku ji kiran sallah, masallatai ko'ina, abincin gari na halal ne, kuma amarya mai hijabi ba wanda zai yi mata kallon baƙuwar halitta. Harshensu na Kiswahili ma ya ari kalmomin Larabci kamar yadda Hausa ta yi: suna cewa dunia, habari, asubuhi, Alhamisi, Ijumaa. Kanumfarin da muke sa wa a shayi su karafuu suke ce masa, kuma tsibiran sun yi suna wajen noma shi.

Daga Najeriya akan bi ta Addis Ababa ko Nairobi a sauka kai-tsaye a filin jirgin Abeid Amani Karume da ke Unguja. Wasu kan sauka Dar es Salam su hau jirgin ruwa mai sauri, tafiyar kamar awa biyu. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu.

Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai ya nema tun daga gida ta shafin hukumar shige da ficen ƙasar, kuma amsar kan ɗauki makonni. Don haka biza tukuna, sannan a biya kuɗin da ba a mayarwa. Tun watan Oktoban 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, wadda aka fara da dala 44 kan mutum ɗaya. Tanzaniya ta hana shigo da ledar zuba kaya tun watan Yunin 2019, saboda haka amarya ta nemi jakar yadi ta zuba tarkacenta.

Ku duba lokaci. Babbar daminarsu daga Maris zuwa Mayu take, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba zuwa Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake da sanyi-sanyi, shi ya sa farashi ke tashi a lokacin. In tafiyar ta faɗo cikin azumi, ku sani yawancin wuraren cin abinci na cikin gari a rufe suke da rana.

Yadda za a raba kwanakin

Mako guda ya isa. Ku yi kwana biyu a tsohon birni, wanda ake kira Stone Town, su kuma mutanen gari suna ce masa Mji Mkongwe. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne ƙanana da mota ba ta shiga, da gidaje masu ƙofofin katako da aka yi wa sassaƙa, tun zamanin da sarakunan Oman ke mulkin wurin. Da yamma a fita lambun Forodhani da ke bakin ruwa, inda ake gasa kifi da matse rake. Akwai kasuwar Darajani don tsarabar kayan ƙamshi, akwai kuma wurin da tsohuwar kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873. A wajen gari ana kai baƙi gonakin kayan yaji, amarya ta ga kanumfari da kirfa da citta da kurkum a inda suke tsirowa, abubuwan da ta saba gani a ƙulle a kasuwa.

Sauran kwanakin ku koma bakin teku, kuma a nan ne zaɓi ke da muhimmanci. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye ya yi nisa sau biyu a kowace rana, har ka ga matan ƙauye sun shiga suna aikin ciyawar teku da suke nomawa. Wurin shiru ne, ya dace da masu son kaɗaici. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, ruwan ba ya janyewa sosai, amma jama'a da kiɗa sun fi yawa, da kuma shigar da ba lallai ku so ganinta ba. Kafin ku biya kuɗin otal ku tambaya: akwai gidan rawa a kusa? Ɗakin yana da sirri? Naman da ake dafawa na halal ne? Otal ɗin baƙi daban yake da gidan abincin cikin gari.

Wani abu da ke rikita baƙi shi ne lissafin lokacinsu. A Kiswahili ana fara ƙirgen awa daga fitowar rana, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya. In mai kwale-kwale ya ce ku haɗu saa mbili, ƙarfe takwas yake nufi. Ku sa ya nuna muku a agogon waya.

Ciwon da ke jawo zargi

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, kuma ina so ango da amarya su karanta ta tare. Mata da yawa a makonnin farko na aure sukan kamu da ciwon mafitsara. Alamominsa su ne zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, jin fitsari a kai a kai amma kaɗan ke fita, ciwon mara, wani lokaci har da jini-jini. Ya zama ruwan dare ga sababbin amare har likitocin Turai suka laƙaba masa sunan hutun amarci.

Dalilinsa a fili yake. Hanyar fitsarin mace gajeriya ce, ba ta wuce kamar santimita 4 ba, kuma tana kusa da dubura. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanjin kowane ɗan Adam, musamman wadda ake kira E. coli, sukan samu hanyar hawa zuwa mafitsara a lokacin saduwa. Ƙarancin shan ruwa da riƙe fitsari a jirgi ko a mota suna ƙara taimaka musu.

Inda matsalar take shi ne mu a Hausa kusan duk wani ciwo na wannan sashe sanyi muke ce masa. Sai ango ya fara tunanin daga ina ta kwaso, ita ma tana tunanin ko shi ya sa mata, kunya ta hana kowa magana. Aure ɗan kwana goma ya fara da zargi. Malam ango, ka riƙe wannan: ciwon mafitsara ba shaidar cewa wani ya yi wani abu a waje ba ne. Budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya samun sa a makonta na farko.

Abin yi shi ne amarya ta yawaita shan ruwa, ta yi fitsari bayan saduwa, kada ta riƙe shi, kuma wajen tsarki ta fara daga gaba zuwa baya. In alamun sun bayyana a je asibiti a gwada fitsari a ba da maganin da ya dace, a kuma shanye shi duka. In aka ga zazzaɓi da rawar ɗari, ko amai, ko ciwo a gefen baya, to ciwon yana neman ƙoda, ba a kwana da shi a ɗaki.

A nan zan ja kunne kan kayan mata, musamman na matsi da ake cusawa. Da yawansu ba a san abin da aka haɗa a ciki ba, suna iya ƙona fata mai laushi su buɗe wa cuta ƙofa. Haka maganin ƙarfin maza na kan titi, wanda akan ɓoye sinadarin asibiti a ciki ba tare da awo ba, yana da haɗari ga mai ciwon zuciya ko mai shan maganin hawan jini. Ban da haka, garin magani marar suna a cikin jaka yana iya sa jami'an filin jirgi su tsare ku. Sabon aure haƙuri da tausasawa yake buƙata, gaggawa ba ta da amfani a nan.

Ruwa, rana, sauro da abinci

Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma teku ba kududdufi ba ne. Duk kwale-kwalen da za ku hau, ko zuwa tsibirin Changuu ne kallon manyan kunkuraye, ku tabbatar an ba kowannenku rigar da ke hana nutsewa, ku kuma ɗaura ta. In kun ga an cika jirgi fiye da kima ku sauka. Mutanen Zanzibar ba su manta da jirgin ruwan da ya nutse tsakanin Unguja da Pemba a watan Satumban 2011 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa. Doguwar riga mai nauyi in ta jiƙe tana jan mutum ƙasa, don haka amarya ta nemi kayan wanka masu rufe jiki marasa nauyi. In ruwa ya janye kuka shiga yawo, ku sa takalmin roba, domin akwai wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya tsakanin duwatsu.

Baƙar fata ma rana na ƙona ta, balle amaryar da aka yi wa dilka da halawa, ko wadda ta yi amfani da man bilicin. A guji ranar tsaka, a shafa man kariya daga rana, a riƙa shan ruwan gora.

Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a Zanzibar amma bai ƙare ba, kuma a yankin ana samun zazzaɓin dengue, wanda sauronsa da rana yake cizo. Ku kwana cikin gidan sauro, ku shafa maganin korarsa. In zazzaɓi ya zo a sha farasitamol a je a yi gwaji. A guji asfirin da ibuprofen har sai an san ko mene ne, domin in dengue ne suna iya jawo zubar jini. In akwai alamar amarya ta samu ciki, a gaya wa likita kafin ya rubuta kowane magani.

Wanda bai saba cin jatan lande da ƙaguwa da sauran kayan teku ba ya fara da kaɗan. In aka ga ƙaiƙayi da kumburin leɓe ko numfashi na sarƙewa, a garzaya asibiti nan take. Abin da aka gasa a gabanku da zafinsa ya fi wanda ya daɗe a tire. Ku tafi da 'yan ƙullin gishiri da sukari na ORS saboda gudawa. Mai sikila, ko mai asma, ko mai ciwon suga, ya ga likitansa kafin tafiya, ya riƙe magungunansa a jakar hannu tare da takardar likita. Ga mai sikila musamman, ƙishirwa da daɗewa cikin ruwa mai sanyi suna iya tayar da ciwon.

Maganar kuɗi

Daidai ruwa daidai tsaki. Kuɗin wannan tafiya shi ne abin da ya rage bayan ka biya hayar gida, ka ajiye na cefanen wata uku, ka kuma ware wani abu saboda rashin lafiya. In sai ka ci bashi ko ka shiga manhajar ba da rance a waya, to a ɗaga tafiyar. Amaryar da aka kai teku ta dawo ta tarar masu bin bashi na buga waya ba za ta tuna da farin yashi ba.

Wajen lissafi kada ka tsaya a tikiti da ɗaki. Akwai biza, inshora, motar da za ta kai ku otal, wanda daga birni zuwa Nungwi tafiyar sama da awa guda ce, harajin da otal ke karɓa kan kowane mutum a kowane dare, kuɗin shiga wuraren kallo, da tsarabar iyaye da ba makawa. Wasu otal-otal suna da tsarin biyan komai a dunƙule, ci da sha. Ka sani cikin farashin har da giya, wadda ba sha za ku yi ba, don haka tsarin karin kumallo da abincin dare yakan fi muku araha. Ku tafi da takardar shaidar aure, domin wasu wuraren sukan yi wa sababbin ma'aurata rangwame ko kyauta in sun gan ta. Ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a can, ka kuma riƙe kuɗi a hannu ka canza zuwa shilin ɗin Tanzaniya. Kafin ka tura wa dillalin tafiya kuɗi, ka san ofishinsa, ka kuma tuntuɓi otal ɗin da kanka ka ji ko sun san da zuwanku. A bakin teku za ku haɗu da samarin da ke tallar yawon kwale-kwale, waɗanda mutanen gari ke kira papasi. A yi musu sallama cikin mutunci, a shirya yawo ta hannun otal.

Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya ji ya gaza. Kwana uku a Yankari ta Jihar Bauchi kusa da ruwan ɗumi na Wikki, ko wani otal mai natsuwa a bakin ruwan Legas, ko ma gidanku da waya a kashe, duk suna iya biyan buƙata.

Buƙatar kuwa ita ce ku san juna. Yawancin ma'auratanmu zance a zaure ko hira a waya kaɗai suka sani kafin aure. Waɗannan kwanaki ne za ku tattauna abin da hayaniyar biki ta hana: yaushe kuke son haihuwa, yaya za a tafiyar da kuɗin gida, karatunta ko aikinta, da yadda za a zauna da dangin kowane ɓangare. Ku rage ɗaukar hoto don mutane su gani, ba kowane ido ke son alheri ba. Ku yi sallolinku tare, matafiyi ma an sauƙaƙa masa da ƙasaru.

Don haka malam ango, yau ɗin nan ka kira ta ka faɗa mata. In kana son ba-zata, ka ɓoye wata 'yar kyauta a cikin akwati ka ba ta a daren farko a can.

Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Masu karatu a ci gaba da aiko da tambayoyi, sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.